Ƙofar Da Mabuƙaci Ya Sani

Jawabin Shugaban Kwamitin Amintattu a taron yi wa ma'aikata barka da dawowa bakin aiki, a ofishin Gidauniya da ke Ƙofar Na'isa, birnin Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya farlanta zakka ya sanya ta tsarki ga dukiya, ya kuma sanya waƙafi ya zama guzurin da ladansa ba ya yankewa bayan ran mai shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, a madadin Kwamitin Amintattu muna yi muku barka da dawowa. Yau ce rana ta farko tun watan Afrilun 2020 da kowane ma'aikaci ya zauna a kujerarsa a lokaci guda, ba tare da tsarin karɓa-karɓa ba. Mun ga fuskokin da muka daɗe muna jin muryoyinsu ta waya kawai, mun kuma yi sallah sahu ɗaya. Wannan kaɗai ya isa abin godiya ga Allah. Sai dai ba gaisuwa ce kawai ta tara mu ba. Muna so mu bayyana muku dalilin da ya sa Kwamiti ya yanke shawarar a dawo, da abin da za mu riƙe daga zaman gida, da kuma haƙƙin da kuke da shi a kanmu.

Abin da ya wuce

Yana da kyau mu tuna yadda aka faro, domin mai karanta wannan rahoto nan da shekaru goma ya san halin da aka yi aikin a ciki. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijeriya, a birnin Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Bayan wata guda cif, ranar 11 ga Afrilu, aka sanar da ɓullarta a Kano. Ranar Alhamis 16 ga Afrilu da ƙarfe goma na dare dokar kulle da gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje ta kafa ta fara aiki, sannan ranar 27 ga watan Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanar da kullen mako biyu a kan jihar baki ɗaya.

A tsakiyar wannan hali azumi ya kama, ranar Juma'a 24 ga Afrilu. Kowa a nan ya san matsayin Ramadan a aikinmu, domin a cikinsa ne mafi yawan 'yan kasuwa ke fitar da zakkarsu, a cikinsa ne kuma buƙatar talaka ke ƙaruwa. Sai ga Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Kurmi duk a rufe. Ɗan dako da mai tura ruwa da direban Adaidaita Sahu da mai kai tallan ƙosai, waɗanda sai sun fita suke samun na tuwon dare, duk suna zaune a gida. Titin BUK da ke wucewa ta gabanmu, wanda ba a raba shi da cunkoso, ya yi tsit. Daga baya aka ware Litinin da Alhamis domin mutane su fita su yi cefane na 'yan sa'o'i. Sallah ta zo babu hawa, kuma a wannan shekara babu maniyyacin da ya tashi daga nan zuwa aikin Hajji.

Ba za mu wuce waɗannan makonni ba tare da ambaton waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba. Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yunin 2020 cewa binciken da aka gudanar ya ƙidaya rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma ana kyautata zaton tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da nasaba da cutar. A cikin waɗannan kwanaki Kano ta rasa manya irin su Farfesa Ibrahim Ayagi, da Jarman Kano Farfesa Isa Hashim, da Mai Martaba Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila. Ta kuma rasa ɗaruruwan dattawan da jarida ba ta buga sunayensu ba, waɗanda su ne bangon gidajensu. Akwai iyaye da 'yan uwan wasu daga cikinku, akwai masu ba mu zakka, akwai kuma waɗanda ke cikin rajistarmu ta masu karɓa. Allah ya jiƙansu, ya kyauta makwancinsu, ya albarkaci bayansu. Mu kuma idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Ranar 2 ga Yuli, 2020, gwamnatin jiha ta ɗage dokar kulle, aka umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa sama su koma aiki ranar Litinin 6 ga wata. Mu a nan muka ɗauki tsarin karɓa-karɓa, wasu a ofis wasu a gida, musamman don kare dattawa da masu larura a cikinmu. Allurar rigakafi ta iso ƙasar nan a farkon Maris na 2021. Gwamnatin Tarayya kuwa ta kira ƙananan ma'aikatanta su koma ofis ne daga ranar 1 ga Disamba, 2021. Ga shi mu ma Allah ya kawo mu tamu ranar.

Zaman gida ba gudun aiki ba ne

Kafin mu yi maganar dawowa, wajibi ne mu faɗi cewa nesanta da juna da muka yi yana da tushe a addini. Lokacin da annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana kan hanyarsa ta zuwa can. Da labari ya iske shi sai ya tsaya ya yi shawara da sahabbai, Abdurrahman ɗan Aufu kuma ya sanar da shi hanin da Manzon Allah (SAW) ya yi game da shiga garin da annoba ta faɗa wa ko fita daga cikinsa, sai Umar ya juya Madina. A wannan annoba Abu Ubaida ya rasu, haka nan Mu'azu ɗan Jabal, wanda Annabi (SAW) ya taɓa aikawa Yaman ya kuma ɗora masa karɓar zakka. Da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, a haka Allah ya kawo sauƙi. Saboda haka duk wanda ya zauna gida a cikinmu don kare ransa da na wasu ya bi magabata na gari.

Kuma kun yi aiki. Mun san yadda falo da zaure suka koma ofis, ga yara ba sa zuwa makaranta har watan Oktoba, ga ɗaukewar wuta, ga tsadar data. Mun san akwai wanda yake taka wa har bakin titi ya kai cajin waya don kada mai neman taimako ya kira ya ji ta a kashe. Akanta ya rufe lissafin shekara a kan tabarma. 'Yan uwanmu mata sun haɗa girkin buɗa baki da tantance sunayen marayu. Masu sito da direbobi sun yi amfani da 'yan sa'o'in Litinin da Alhamis suka kai hatsi hannun masu unguwanni da limamai. Maigadi kuwa bai bar bakin ƙofa ba ko kwana ɗaya. Ba mu da abin da za mu biya ku da shi, sai dai mu ce Allah ya saka da alheri, ya sa ku tarar a mizani.

Me ya sa aka dawo?

Tambaya ce da ta dace, kuma mun san wasunku sun yi ta. A Amurka da Turai manyan kamfanoni na ta muhawara a kanta, wasu sun bar ma'aikatansu su ci gaba da aiki daga gida, wasu sun raba mako gida biyu. Mai tambaya zai ce, tun da an iya tura kuɗi ta banki, an kuma iya yin taro ta Zoom da WhatsApp, mene ne amfanin kashe kuɗin mota kullum? Amsarmu ita ce kowace sana'a da irin kayan aikinta. Kamfanin da hajarsa rubutu ce a kwamfuta yana iya aiki daga ko'ina. Mu kuwa abin da aka ba mu amana shi ne mutane da dukiyar Allah, kuma muna da dalilai huɗu.

Na farko, mabuƙaci. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukunai takwas da ake ba zakka, ta fara da faƙirai da miskinai. Aya ta 273 a Suratul Baƙara kuma ta ja hankalinmu ga wani nau'i na mabuƙata waɗanda ba sa naci wajen roƙo, har wanda bai san su ba ya ɗauka mawadata ne saboda kamun kai, sai dai a gane su da alamunsu. Alama kuwa ido ke ganinta. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Dattijon da ya yi shekaru yana ciyar da wasu, yau kasuwa ta karye masa, ba zai kira waya ya ce gidansa ba a ɗora tukunya ba. Zai wanke tsohuwar rigarsa ya zo gaisuwa, ya zauna ya yi ta zancen duniya, ma'aikaci mai basira ne zai gane abin da ya kawo shi. Bazawarar da ke riƙe da marayu a lungun da mota ba ta shiga ba ta da asusun banki, wayar da take amsawa ma ta maƙwabta ce. Fom na intanet yana kai wa ga mai waya da ilimin cika shi, kuma sau da yawa wanda ya fi iya bayani ba shi ne ya fi buƙata ba.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a watan Mayun 2020 da ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya, kusan mutum miliyan 83, suna cikin talauci, kuma wannan ƙidaya an yi ta ne kafin annoba. A watan Maris na 2021 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 22 cikin 100. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce gidajen da a da suke rufa wa kansu asiri yanzu sun shigo sahun masu karɓa, kuma su ne suka fi kowa jin nauyin buɗe baki.

Ita kanta wayar ba abin dogaro ba ce a kowane lokaci. A watan Disamban 2020 aka dakatar da sayar da sababbin layuka na tsawon watanni saboda haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda ya yar da layinsa a lokacin ya sha wahala kafin ya samu wani. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro. Wanda ya gudo daga waɗannan wurare ya sauka a Kano ba shi da lambar kowa. Abin da zai yi shi ne ya tambayi limamin masallaci ko mai shayi ina ake taimakon mutane, a nuna masa hanya. Dole ne idan ya iso ya tarar da ƙofa a buɗe da mutum a bayanta.

Wannan magana ba sabuwa ba ce a birnin nan. Fiye da shekaru 500 da suka wuce Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almaghili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafin nasiha a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Gargaɗin da ya yi ta maimaitawa a cikinsa shi ne haɗarin shugaba ya ɓuya daga talakawansa, domin daga nan kowace masifa ke farawa. Mu ba sarakuna ba ne, amma duk wanda aka ɗora wa haƙƙin talaka wannan gargaɗi ya shafe shi. A lokacin annoba larura ce ta sa shamaki tsakaninmu da jama'a, larura kuwa ana auna ta ne gwargwadonta. Idan ta kau, shamakin ma sai ya kau.

Na biyu, amana. A cikin rukunan nan takwas Allah ya ambaci ma'aikatan zakka, wato ku. Wannan girma ne, kuma nauyi ne. Ingantattun littattafan hadisi sun kawo ƙissar wani sahabi da ake kira Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya nuna rashin yardarsa, ya kuma nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa babu wanda zai kawo masa wannan kyauta. Abin lura a nan shi ne ma'aikacin ya dawo ne ya gabatar da lissafi a gaban shugaba da jama'a, a nan aka tantance abin da yake na baitulmali. Dukiyar zakka tana son shaidu. Buhun da aka sauke a gaban mutum uku, da rasit da aka rubuta nan take, da takardar fitar da kuɗi mai sa hannun mutum biyu da suka kalli juna, kariya ce ga dukiya, kariya ce kuma ga mutuncin ma'aikaci. Masu binciken kuɗinmu sun duba littattafan wannan lokaci kamar yadda za ku gani a cikin rahoton nan, kuma mun gode wa Allah da ya ba mu amintattun mutane. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba ma so mu bar wani bawan Allah shi kaɗai da dukiyar marayu a cikin ɗakinsa, inda babu mai gani balle mai yi masa shaida idan aka zarge shi.

Haka abin yake ga mai bayarwa. Alhajin da zai fitar da ɗaya cikin arba'in na dukiyarsa yakan so ya zo da kansa, ya zauna da malamin gidauniya a lissafa masa nisabi, a tantance masa bashin da ake binsa da wanda yake bi, da hajar da ke cikin shago. Nisabin zinariya miskali 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa kuwa dirhami 200, amma kowane ɗan kasuwa da irin tambayarsa, kuma akwai sirrin dukiya da ba a son faɗa a waya. Yarda a hankali ake gina ta, da gaisuwa da ganin ido. Zumunta a ƙafa take.

Na uku, dukiyar da sai an je an gani. Ba duk zakka ce ke shigowa ta banki ba. Zakkar amfanin gona tana wajaba idan ya kai wusuƙi biyar, ana fitar da ɗaya cikin goma ga noman damina, rabin haka ga abin da aka shayar da wahalar ban ruwa. Shanu suna fara ba da zakka daga 30, awaki da tumaki daga 40, raƙuma daga biyar. Waɗannan sai an auna, an ƙirga, an ɗauko, an adana inda ƙwari da danshi ba za su taɓa su ba. Waƙafi ya ma fi buƙatar ido. Tun daga gonar da Sayyidina Umar ya tsayar a Khaibara da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa Musulmi, ƙa'idar waƙafi ita ce a tsare asali a ciyar da amfani. Asali kuwa ba ya tsare kansa. Gidan hubusi idan damina biyu ta wuce ba a duba indararonsa ba sai katanga ta jiƙe. Fili idan aka daina zagaya shi sai maƙwabci ya matso da shinge. Rijiyar burtsatse idan ta lalace ba a sani ba sai unguwa ta koma sayen ruwan garuwa, ladan mai waƙafin ya tsaya. Hoton waya yana nuna abin da mai ɗauka ya ga dama ne kawai. Gani ya kori ji.

Na huɗu, gadon aiki. Akwai matasan da muka ɗauka a cikin wannan lokaci waɗanda suka san ka'idojinmu a rubuce, amma ba su taɓa zama kusa da dattijon ma'aikaci suka ga yadda yake tarbar mai kuka ba, ko yadda yake yi wa wanda bai cancanta ba bayani har ya tafi ba tare da jin an wulaƙanta shi ba. Wannan ilimi ba a tura shi a saƙo. Kamar karatun zaure yake, sai an durƙusa gaban malami. Muna roƙon manyanmu su ja su a jiki, su kuma matasan su koya wa manya abin da suka fi su sani na na'ura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'aji da Sa'i

Kada wani ya fahimci cewa mun kira ku ne don ku zauna a bayan tebur daga safe zuwa la'asar. A tsarin Daular Usmaniyya akwai Ma'aji mai tsaron baitulmali, akwai kuma Sa'i mai fita ya bi garuruwa da rugage yana karɓo zakka, kuma har yau waɗannan sunaye suna nan a cikin sarautun ƙasar Hausa. Aikinmu yana buƙatar su biyun. Ofis masauki ne da ake fita daga cikinsa a kuma dawo a ba da lissafi. Ma'aikacin da ya dawo ofis amma takalminsa bai san ƙurar lungu ba, da shi da wanda ke gida duk ɗaya ne a wurin tsohuwar da ba ta iya tashi. Don haka kowane sashe zai ware ranakun fita a kowane mako, a shiga unguwanni tare da masu unguwanni da limamai, 'yan uwanmu mata kuma su shiga gidajen da maza ba sa shiga.

Abin da za mu riƙe

Ba za mu watsar da abin da muka koya ba. Ƙofar da ofishinmu ke maƙwabtaka da ita ta isa misali. Tana nan a kudancin ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta kimanin shekaru 900 da suka wuce, tsakanin Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Gadon Ƙaya. A shekarar 2010 aka rushe tsohon gininta aka sake gina ta da faɗi don ta ɗauki motocin zamani, abin da masu kishin kayan tarihi suka yi baƙin ciki da shi ƙwarai. Duk da haka tana nan a gurbinta, da sunanta, kuma baƙon da aka yi wa kwatance da ita ba ya ɓata. Haka muke so aikinmu ya kasance, a faɗaɗa hanya ba tare da an rushe abin da muka gada ba.

Saboda haka rajistar masu karɓa da aka shigar a kwamfuta za ta ci gaba, tare da kwafinta na takarda. Wanda yake da asusun banki kuma an riga an tantance shi ido da ido, za a ci gaba da tura masa haƙƙinsa ba sai ya zo ya yi layi a rana ba, domin wannan ya fi rufa masa asiri. Masu ba da zakka da ke Legas ko Abuja ko ƙasashen waje za su ci gaba da samun rasit da bayani ta waya. Amintaccen da tafiya ta kama shi zai iya halartar zaman Kwamiti daga inda yake. Za mu kuma ci gaba da musayar bayanai da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da sauran masu irin aikinmu, domin kada gida ɗaya ya karɓa sau uku maƙwabcinsa bai samu ko sau ɗaya ba.

Haƙƙinku a kanmu

Mun san dawowar nan tana da nauyi. Kuɗin mota ya tashi, wasunku daga nesa suke zuwa, wasu kuma sun ɗauki nauyin marayun 'yan uwansu a cikin wannan lokaci. Kwamiti ya umarci sashen mulki ya sake duba alawus na sufuri ya kawo shawara a zama mai zuwa, a cikin iyakar abin da shari'a ta halatta wa ma'aikacin zakka. Masu shayarwa da masu jinyar iyaye za su iya daidaita lokacin shigowa da na tashi tare da shugaban sashensu. Wanda ke da larurar da likita ya tabbatar, za a ba shi aikin da ba na cuɗanya da jama'a ba.

Cutar ba ta ƙare ba, domin a ƙarshen Nuwamban 2021 aka sanar da wani nau'inta da ake kira Omicron. Don haka ruwa da sabulu za su ci gaba da zama a bakin ƙofa, a sa takunkumi a ɗakin karɓar baƙi, a buɗe tagogi, rabon kaya kuma a yi shi rukuni-rukuni a fili. Muna ƙarfafa wa kowa gwiwa ya karɓi allurar rigakafi, domin rigakafi ya fi magani. Wanda ya tashi da zazzaɓi ko tari ya zauna gida ya sanar, ba za a rage masa ko kwabo ba. Idan hali ya sake canzawa hukumomin lafiya suka ba da umarni, za mu bi, kuma yanzu mun san hanya.

Abin da muke nema a gare ku kuwa kaɗan ne. A buɗe ƙofa a kan lokaci. Kada a bar dattijo a tsaye ma'aikaci yana duba waya. A saurari mai buƙata a keɓe, inda na kusa ba zai ji ba, kuma kada a ɗauki hoton fuskar kowa yana karɓar zakka, domin haƙƙinsa ne Allah ya ba shi, mu 'yan aike ne kawai. Wanda ba za a iya taimaka masa a ranar ba a gaya masa gaskiya da tattausan lafazi, a faɗa masa ranar da zai dawo, idan ya dawo kuma ya tarar da wanda ya yi masa alkawari. Kyauta daga hannun mai nema ko ɗan haya a gidan waƙafi, komai ƙanƙantarta, a mayar da ita cikin ladabi.

Watanni kaɗan suka rage azumi ya sake kamawa. Muna so kafin ganin wata a gama zagayen duk kadarorin waƙafi, a sabunta rajistar unguwanni gida-gida, a kuma nemo waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu tun lokacin kulle, a san wanda ya ƙaura da wanda ya rasu da wanda kunya ta hana shi dawowa. Wannan shi ne aikin farko da ke gabanmu, kuma daga gobe za a fara.

Muna roƙon Allah ya yaye mana wannan annoba da sauran masifu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya albarkaci dukiyar masu bayarwa, ya wadata masu karɓa har su ma su zama masu bayarwa. Ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa ranar da za a tambaye mu game da ita mu samu amsa. Barkanku da dawowa, Allah ya yi mana jagora.